Darasin Kimiyya da Sana'a: Tsatsar Dokin Ƙofar Mota da Yadda Ake Gyara Ta

Darasinmu na wannan fitowa ya haɗa abin da muke karantawa a aji game da tsatsa da aikin da ake yi a garejin fanel bita. Za mu duba wani sashe na mota da kowannenmu ke tsallakewa idan zai shiga, amma ba kowa ke kallonsa ba, wato dogon ƙarfen nan da ke ƙarƙashin ƙofofi, daga bayan tayar gaba har zuwa gaban tayar baya. A nan za mu kira shi dokin ƙofar mota, don a wurin yake kamar dokin ƙofar ɗaki.

Duk wanda ya lura da tsofaffin motocin hayar da ke wucewa ta Ƙofar Dundaye zai ga wasu wannan wuri nasu ya yi ƙuraje, wasu ya hude, wasu kuma an shafe shi da baƙin fenti mai kauri. Mutane da yawa na ɗauka cewa muni ne kawai. A gaskiya ƙarfen nan yana cikin abubuwan da ke riƙe da motar, kuma ran da aka yi karo, yana cikin masu tsare ran fasinja.

Mene ne aikin dokin ƙofa?

Ginin mota iri biyu ne. Akwai wadda ake fara yi wa casis, wato dogayen ƙarafa biyu masu kauri da aka haɗa kamar tsani, sannan a ɗora bodi a kai. Haka ake yin manyan motoci da irin su Toyota Hilux. Akwai kuma wadda bodin nata shi ne ƙashinta gaba ɗaya, ba ta da wani casis daban. Kamfanin Citroën na Faransa ya fitar da irin wannan mota da yawa tun 1934, kuma a yau kusan duk ƙananan motoci haka suke, har da Golf da Corolla da Peugeot 406 da muke gani kullum.

A irin wannan mota ta biyu, dokin ƙofa shi ne ke haɗa gaba da baya. An yi shi da fale-falen ƙarfe biyu ko uku da aka lanƙwasa, aka haɗa da walda, suka zama dogon bututu mai rami a ciki. Fallen waje siriri ne, kaurinsa kusan milimita 1, bai fi katin cirar kuɗi na banki da wani abin kirki ba. To ina ƙarfinsa ya fito? Daga siffarsa. Ku ɗauki kwalin ashana babu komai a ciki, ku matsa shi a rufe, za ku ji yana turjiya. Ku yage gefe ɗaya ku sake matsawa, nan take zai lotse. Haka dokin ƙofa yake zama idan tsatsa ta cinye gefensa ɗaya.

A kansa ne ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya yake tsaye, kuma a gindin wannan ginshiƙi ake ɗaure bel ɗin direba da na fasinjan gaba. A ƙarƙashinsa ake kafa jak idan taya ta yi faci. Idan wata mota ta bugo daga gefe, shi da ginshiƙin ne ke hana ƙarfe ya shigo inda mutane suke zaune. Saboda haka idan ya ruɓe, ƙofofi sukan fara saki suna ƙin rufuwa, jak yakan nutse cikin bodi, motar kuma ta rasa ƙarfin da aka ƙera ta da shi.

Yaya tsatsa take samuwa?

Abu uku ne sai sun haɗu: ƙarfe, da ruwa, da iskar oksijin. Idan aka cire ɗaya, tsatsa ba za ta yi ba. Idan ɗigon ruwa ya zauna a kan ƙarfen da babu fenti, ƙwayoyin ƙarfen sukan saki wasu daga cikin ƙananan ƙwayoyin lantarkinsu, oksijin ɗin da ya narke a ruwan ya karɓe su. Daga wannan musaya ne jan garin nan yake fitowa.

Tsatsa tana da halaye biyu da suka sa ta zama muguwar cuta. Na farko, ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, don haka takan kumbura ta ɗaga fenti. Na biyu, tana da kofofi kamar soso, tana shan ruwa ta riƙe, ta ci gaba da cin ƙarfen da ke ƙarƙashinta. Tukunyar alminiyam ba ta haka, domin fatar da oksijin ke yi mata takan manne ta rufe sauran jikin.

Gishiri kuwa shi ne babban abokin tsatsa. Ruwan gishiri ya fi ruwan banza barin lantarki ya ratsa shi, don haka musayar da muka ambata takan yi sauri ƙwarai.

To Sakkwato da zafi da bushewa, ina tsatsa ta samo hanya?

Tambaya ce mai kyau. Garinmu yana cikin wuraren da ƙarfe ke daɗewa, domin iska a bushe take mafi yawan shekara, kuma muna nesa da teku. Amma akwai hanyoyi uku.

Ta farko, yawancin motocinmu ba a nan suka fara rayuwa ba. Motocin da muke kira Beljiyam ko 'yan Kwatano sun yi shekaru a Turai ko Amurka ko Kanada kafin su hau jirgin ruwa zuwa Legas ko Kwatano. A can, lokacin sanyi, ana barbaɗa gishiri a kan tituna don ya narkar da ƙanƙara. Amurka kaɗai tana zuba miliyoyin tan a kowace shekara. Taya takan watsa wannan ruwan gishiri a ƙarƙashin mota, ya shiga kowace kafa. Golf ɗin nan ta uku, wadda aka fara ƙerawa a 1991, sananniya ce wajen ruɓewar dokin ƙofa. Mota irin wannan takan iso nan da cutarta a ciki, fenti yana rufe da ita. Tsofaffin Peugeot 504 da aka haɗa a masana'antar Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ba su taɓa taka gishirin ƙanƙara ba, amma su ma hanyoyi biyun da suka rage ba su ƙyale su ba.

Ta biyu, ƙura da damina. Masu ƙera mota sun san ruwa zai shiga cikin dokin ƙofa, shi ya sa suka bar ƙananan kafofi a ƙasansa don ya fita. Ƙurar hunturu takan shiga ta taru a ciki. Idan ruwa ya sauka, daga Yuni zuwa Satumba, ƙurar ta zama laka, ta toshe kafofin. Laka kuma ba ta bushewa da wuri a cikin rufaffen wuri. Motar da ke bin hanyoyin fadamar Rima, ko wadda ta taɓa kutsawa cikin ambaliya irin ta 2010 da ta yanke hanyar mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, takan kwaso laka mai yawa a ciki.

Ta uku, rauni. Tsakuwa, da gugar tudun rage gudu idan an yi lodi fiye da ƙima, da kafa jak a wurin da ba nasa ba, duk suna fasa fenti. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin lura a nan shi ne, tsatsar dokin ƙofa daga ciki take farawa. Ran da aka ga ƙurji a fenti, sau da yawa ƙarfen bayansa ya riga ya hude.

Yadda ake gane girman ɓarna

Mai gyaran kirki ba ya yanke kuɗin aiki sai ya bincika. Yakan wanke wurin, ya cire robar da wasu motoci ke da ita a kai, ya ɗaga kafet ya duba daga ciki. Yakan ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma: lafiyayyen ƙarfe yana amo, ruɓaɓɓe kuwa sai a ji shi dum, har gari ya riƙa zubowa. Yakan soka sukundireba a inda yake zargi. Yakan kuma bi wurin da maganaɗisu. Inda ya ƙi kamawa, akwai fila mai kauri, alamar an taɓa rufe wani abu.

Daga nan ɓarnar takan kasu uku. Akwai tsatsar sama, wadda sanfefa ke gogewa a ga farin ƙarfe. Akwai wadda ta fara cin jiki ta bar ƙananan ramuka, amma ba ta huda ba. Akwai kuma wadda ta huda. Ta farko da ta biyu ana goge su, a shafa maganin tsatsa, a yi fenti. Ta uku ba ta da magani sai yanka da walda.

Maganin tsatsar da ake sayarwa a shagunan fenti yana da labari mai daɗi. Wani irinsa an yi shi ne da sinadarin tanin, wanda idan ya haɗu da tsatsa yakan mayar da ita baƙar fata mai tauri. Dangin wannan sinadari ne ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. Shi ya sa idan dukawa suka shafa kuloko, wanda ake haɗawa da ƙarfe, a kan jemammiyar fata, take ta yi baƙi. Ashe masu sana'ar fata na Sakkwato sun daɗe suna aiki da wannan ilimi. Sai dai maganin yana gyara saman ƙarfe ne kawai, ba ya mayar da wanda ya riga ya zube.

Matakan gyara

1. Shiri. A ajiye motar a wuri mai shimfiɗe, a tallafe ta da abin da ba zai goce ba. A cire kan batir. A fitar da kujeru da kafet na gefen da za a yi aiki. A motoci da yawa wayoyin lantarki da bututun fetur da na burki suna bi ta kusa da dokin ƙofa, dole a nemo su a kawar ko a kare su. Idan yankan zai yi tsawo, a tokare bakin ƙofa da sandar ƙarfe ta wucin gadi, don kada motar ta lanƙwashe a tsakiya.

2. Yanka. A yanke ruɓaɓɓen wuri har sai an kai ƙarfe mai haske mai cikakken kauri, a ɗan wuce inda ido ke ganin tsatsa. Walda ba ta kama tsatsa. Wanda ya yi rowar yanka ya kashe maciji bai sare kansa ba.

3. Duba ciki. Yanzu da aka buɗe, a kwashe laka, a duba fallen ciki da gindin ginshiƙi da mazaunin jak. Waɗannan sun fi fallen waje kauri da muhimmanci. Idan sun ruɓe, da su ake farawa.

4. Yanko sabon ƙarfe. A ɗora kwali a kan ramin a zana siffarsa, a yanka, a gwada, sannan a zana a kan ƙarfe. Ƙarfen ya kasance kaurinsa ɗaya da na asali. Lafiyayyen falle daga rufin wata mataccciyar mota ko murfin injinta yana yi. Kwanon rufin ɗaki ba ya yi: ya yi siriri, kuma zinkin da aka lulluɓe shi da shi yana fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi idan wuta ta taɓa shi. A lanƙwasa sabon ƙarfen ya bi siffar tsohon daidai, domin a siffar ƙarfin yake.

5. Walda. Siririn ƙarfe ba ya son zafi mai yawa, yakan murɗe. Shi ya sa ake fara ɗiga walda nan da can don ta riƙe, a rufe ƙofa a ga ko tazararta ta yi daidai, sannan a riƙa cikewa kaɗan-kaɗan ana tsallakawa, ana barin wuri ya huce. A garejinmu an fi amfani da waldar kabaid, inda ake zuba wa kabaid ruwa ya fitar da gas, a haɗa shi da oksijin, harshen wutar ya wuce digiri 3,000 a ma'aunin Selshiyos. Gwani yana iya aiki mai kyau da ita a kan tsohuwar mota, amma zafinta yana yaɗuwa. Motocin zamani kuwa, an yi dokin ƙofarsu da ƙarfe na musamman wanda zafi ke rage wa ƙarfi, don haka an fi so a yi musu da injin waldar waya da ake kira MIG. Waldar sanda irin ta masu ƙofofi da tagogi takan huda siririn falle.

6. Guga da rufewa. A goge kan waldar a hankali ba tare da an cinye ƙarfen gefe ba. A haska fitila ta baya a ga ko akwai ƙananan kafofi, a cike su. A share maiƙo, a shafa fentin ƙasa mai hana tsatsa, a toshe bakin haɗi. Sai a shafa fila siririya don daidaita wuri kawai, kada ta wuce kamar milimita 3. Daga nan fenti, sannan baƙin shafin da ke kare ƙarƙashin mota daga tsakuwa.

7. Kare ciki. Wannan mataki shi aka fi mantawa. Wutar walda ta ƙone duk abin da ke kare bayan ƙarfen, ta bar shi tsirara a inda hannu ba ya kai. Dole a fesa kakin hana tsatsa ta cikin kafofin, bayan an gama fenti. Wasu kan ɗura baƙin mai. Yana ɗan taimakawa, amma yana tsiyayewa, yana lalata roba, yana kuma ɓata ƙasa. A ƙarshe a tabbata kafofin fitar ruwa a buɗe suke.

Gyaran ganin ido

Akwai wata hanya mai sauri da araha. A cusa raga ko kwali ko tsumma a ramin, a lafta fila, a goge, a fesa fenti. Da yamma mota ta fito tana ƙyalli, kyan ɗan maciji. Fila ba ƙarfe ba ce, ba ta ɗaukar nauyi, kuma tana shan danshi ta baya. Tsatsa takan ci gaba da aikinta a ɓoye, bayan damina ɗaya ko biyu ƙurajen su dawo, ramin ya fi na da.

Asarar kuɗi ita ce ƙaramar illa. Babbar ita ce mai motar ya ɗauka tana da lafiya, ya cika ta da fasinja ko ya ɗauko yara daga makaranta. Idan kuma an yi haka ne don a sayar, ya zama algus, domin addini da al'ada duk sun hana ɓoye aibin haja. Wani lokacin ma laifin na mai mota ne, shi ke cewa a rufe kawai don ba ya son kashe kuɗi. Mai sana'a na gari yakan faɗa masa gaskiya. Idan ruɓewar ta ci dokin ƙofa duka biyu da daɓen mota da gindin ginshiƙai, gaskiyar ita ce motar ta gama aiki, sai dai a sayar da kayanta.

Kiyaye lafiyar mai aiki

Da yawa daga cikinmu suna zuwa koyon sana'a bayan an tashi makaranta. Ku riƙe waɗannan. Kada a kalli hasken waldar lantarki da ido tsirara, yana ƙona fatar ido, zafin kuma sai cikin dare yake tashi. A sa tabarau lokacin guga. A fitar da jarkar fetur daga but kafin a kunna wuta, a ajiye bokitin yashi da na ruwa kusa. Tukunyar kabaid tana iya fashewa idan wuta ta koma ta cikin tiyo, don haka a nisanta ta da wurin aiki, kuma yaro ba ya taɓa ta sai da maigida. Kada a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A yi fenti a inda iska ke kaɗawa, a rufe hanci da baki.

Rigakafi

Rigakafi ya fi magani, kuma a nan kusan kyauta ne. Kafin damina a zura siririyar waya a buɗe kafofin da ke ƙasan dokin ƙofa da na ƙofofi. Bayan an bi laka a wanke ƙarƙashin mota da bayan tayoyi. Idan kafet ya jiƙe a ɗaga shi ya bushe. A kafa jak a mazauninsa. Inda fenti ya fashe a taɓa shi da wuri. Mai shirin sayen mota kuwa, ya tafi da maganaɗisu da fitila, ya durƙusa ya leƙa ƙasa kafin ya ji ƙarar inji.

Gwajin da za ku yi da kanku

Ku samo kwalabe 4 masu murfi da sabbin ƙusoshi 4, ku goge su da sanfefa. A ta farko ku sa ƙusa da ruwan famfo zuwa rabinta. A ta biyu ruwan gishiri. A ta uku ruwan da aka tafasa sosai don iska ta fita, ya rufe ƙusar duka, ku zuba man gyaɗa a sama. A ta huɗu ƙusa a bushe, tare da ɗan ƙunshin nan mai shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Ku rufe, ku riƙa dubawa kullum har mako guda, kuna rubuta abin da kuka gani.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku ne sai sun haɗu tsatsa take yi?
2. Me ya sa motar da ta fito daga ƙasar sanyi ta fi ruɓewa?
3. Wace kwalba ce a gwajinku ta yi kama da dokin ƙofar da kafofinsa suka toshe?
4. Me ya sa kwanon rufi bai dace da wannan gyara ba?

A miƙa amsoshi da sakamakon gwaji ga wakilin ƙungiya na kowane aji, za mu liƙa waɗanda suka fi kyau a fitowa ta gaba. Masu sha'awar wannan fanni su sani ana koyar da sana'o'in hannu a kwalejojin fasaha irin na Farfaru da Runjin Sambo, kuma hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992, tana shirya jarrabawar walda da gyaran mota. Wanda ya haɗa ilimin aji da na gareji, aikinsa zai bambanta.

Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, Ya kiyaye mu a kan hanya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Daga Sashen Kimiyya da Sana'a, Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta